Wasa na Goma Sha Biyu

Babana da yayana ba sa magana kai tsaye, kuma ba faɗa suka yi ba. Yaya ɗan fari ne. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Kano, suka bi ta Sudan, suka tsallaka teku suka sauka a Makka. Sun zubar da kaya da yawa a hanya, amma kunyar ɗan fari sun iso da ita cif, ko gefenta bai guntule ba, suka miƙa wa Baba.

Ban taɓa jin sunan Yaya a bakin Baba ba. "Wancan" yake ce masa. In yana son a ɗauko katan ɗin dabino, ni zai kalla ya ce a gaya wa wancan, ko da wancan ɗin yana tsaye kusa da shi har inuwarsu ta haɗu. Ni kuma in juya in maimaita, Yaya ya ce in ce ya ji. Tun ban iya ɗaura igiyar takalmi ba nake wannan aiki. Umma ma tana yin tata kunyar, sai dai ita takan zuba wa Yaya nama fiye da nawa ta ce hannunta ne ya kuɓuce. Tun da na yi wayo hannun Umma yake kuɓucewa, kuma kullum a kwano ɗaya.

Baba yana da shago a unguwar Jarwal, cikin Makka. Yana sayar wa alhazai da masu umara dabino da carbi da turare da dardumar salla. Shagon ƙarami ne, in ka yi atishawa a bakin ƙofa sai ka je ka goge bangon baya. Ba ya rufuwa sai don salla. An yi sunan ƙanwarmu shagon yana buɗe, Baba ya yi zazzaɓi shagon yana buɗe, sai dai ka tarar da shi a nannaɗe da bargo yana auna dabino.

A shekarar da nake ba da labarinta Yaya yana ajin ƙarshe na sakandare, shi ne golan ƙungiyar ƙwallon makarantarmu. Ni kuma gola na biyu. Malamin wasanninmu, wanda kowa ke kira ustaz, shi ya naɗa ni, bisa hujja biyu. Ta farko, yana ganin tsaron raga gado ne. Ta biyu, safar hannun gola a gidanmu take kwana, to gara a bar ta a cikin dangi. Safar ta Yaya ce, ta tsufa har manunin yatsansa yana leƙowa ta gaba kamar yana neman hanya. Ustaz bai taɓa gwada ni ba, ni kuma ban matsa masa ba. Ina son benci. Akwai inuwa, kuma kusa da kular ruwa yake.

Kwamitin da ke kula da wasannin makarantun yankinmu yana da doka, wai don kada ƙwallo ta cinye karatu: ba ɗalibin da zai buga fiye da wasa goma sha biyu a kakar wasa ɗaya. Wasannin lig goma sha ɗaya ne. Sai kuma gasar kofi da ake yi a hutun tsakiyar shekara, wadda ake fara ta da wasanni uku na rukuni, kuma waɗannan ukun ana lissafa su a matsayin wasa ɗaya. Goma sha ɗaya da ɗaya, goma sha biyu, lissafi ya cika. Amma dokar tana da wutsiya. Ƙungiyar da ta wuce rukuni, duk wasan da ta ƙara ana ƙirga shi shi kaɗai, kuma wanda ya taka fili ko na minti ɗaya ne an lissafa masa cikakken wasa.

Ba wanda ya taɓa damuwa da wannan wutsiya a makarantarmu, domin ba mu taɓa wuce rukuni ba. Muna zuwa gasar kofi ne kamar yadda ake zuwa gaisuwar rasuwa: a zauna kaɗan, a sunkuyar da kai, a tashi.

Tun kafin gasar, wata rana muna cin abincin rana, Baba ya dube ni ya ce ya ji ana cewa wai ina cikin ƙungiyar ƙwallo, kuma shi bai yarda ba. Ya ce zai zo wasan ƙarshe na lig ya gani da idonsa. Yaya ya ƙware da shinkafa. Umma ta tashi ta shiga kicin ɗauko gishirin da ke gabanta. Kowa a gidan ya san ko minti ɗaya ban taɓa bugawa ba, kuma kowa ya san wanda Baba zai je gani, amma a bakin kowa ni ne. Har ya riga ya yi magana da kawu, ƙanensa, wanda ke tuƙa motar kai masu ziyara Arfa da Muzdalifa. Ranar Talata ce kaɗai kawu ba ya fita, kuma wasan ƙarshen ya faɗo ranar Talata, don haka kawu zai zauna a shago. Yaya zai gama makaranta a ƙarshen shekarar. Wannan ne wasansa na ƙarshe da rigar makaranta, kuma shi kaɗai ne Baba zai taɓa gani.

Da hutu ya zo, an buga wasannin lig goma, saura ɗaya. Sauran 'yan ƙungiyarmu duk suna da rara. Kyaftin ya taɓa samun jan kati, wani ya yi mura, wani ya tafi bikin gwaggonsa a Jidda ya manta hanyar dawowa. Ni kuwa wasannina goma sha biyu suna nan a ajiye ko ledarsu ban ɓare ba. Yaya ne kaɗai bai taɓa fashi ba. Yana da goma, gasar kofi za ta mayar da su goma sha ɗaya, ɗayan da ya rage na Baba ne.

Wasan farko na rukuni muka tashi babu ci. A na biyu muka ci ɗaya, kuma har yau ana gardama a kan yadda aka yi. Ni dai abin da na gani daga benci, kyaftin ya sunkuya yana gyara safa, ƙwallo ta bugi mazaunansa ta shige raga. Shi ya ce dabara ce ya daɗe yana koyo. A duka wasannin biyu Yaya ya kama duk abin da aka jefo masa, da tsuntsu ya gifta ta gaban ragar da ya kama shi.

Sai da muka zo wasa na uku ustaz ya tuna da wutsiyar doka. Ko canjaras muka yi mun wuce rukuni. Ya tsaya a bakin fili yana ƙirga da yatsu, ya ƙirga ya sake, sannan ya kira Yaya gefe ya yi masa bayani. Bai ce a bari a ci mu ba, ustaz ba ya irin wannan. Ya dai faɗi lissafin, ya ɗaga kai ya kalli sama.

Ni na ɗauki nauyin abin da ustaz ya kasa faɗa. Na bar bencina na koma bayan ragar Yaya da sunan kai masa ruwa, na tsaya ina yi masa nasiha da Hausa don kada 'yan bayanmu su gane, tunda yawancinsu Larabci kawai suke ji. Na ce masa duk gola ana cin sa, har manyan da ake nunawa a talabijin. Na ce ba wanda zai zarge shi. Bai ko waiwayo ba. Ana dab da tashi, wani dogon yaro ya saki wata ƙwallo mai zafi ta nufi can saman kusurwa, irin wadda ko gola biyu aka jera ba za a ga laifinsu ba. Yaya ya tashi sama ya cafke ta. Ya faɗo ya kwanta rungume da ita, fuskarsa kamar ta wanda ya fasa farantin baƙi. Daga baya na tambaye shi dalili, ya ce hannun ne ya tafi da kansa.

Aka tashi canjaras, 'yan ƙungiyarmu suka yi ta tsalle kamar an ce an soke jarrabawa. Mun kai wasan kusa da na ƙarshe, ranar Alhamis. In Yaya ya buga, goma sha biyunsa sun cika, ranar Talata sai dai ya zauna a benci, Baba ya zo ya tarar da ni a raga. Ustaz ya je ya roƙi kwamiti ko za a yi sassauci, aka ce masa dokar ba ta da ƙofar baya. Ya dawo ya ce ya bar wa Yaya zaɓi.

Kyaftin ɗinmu Balarabe ne ɗan Makka, irin waɗanda ke tafiya da ubansu hannu a kafaɗar juna suna gardamar ƙwallo. Shi bai ga matsala ba ko kaɗan. Ya ce Yaya ya gaya wa babansa ya zo ranar Alhamis maimakon Talata, halas, kamar yadda suke cewa, wato magana ta ƙare. Yaya ya ce ba haka ake yi ba. Kyaftin ya tambaya ko baban namu ba ya ji ne. Na yi masa bayanin kunyar ɗan fari iyakar iyawata da Larabci, ya saurara baki buɗe, sannan ya ce wannan ai sai an samo mai shiga tsakani kamar ƙasashe biyu. Na ce masa yana magana da mai shiga tsakanin.

Bayan la'asar muka je shago. Jarwal ta cika da masu umara, ana ta turereniya da jakunkuna. Yaya ya wuce ciki ya shiga jera katan-katan ya ba mu baya. Baba yana auna wa wata tsohuwa Basakkwaciya dabino, ni kuma na tsaya a tsakiya na fara bayanin doka.

Baba ya bari na gama, sannan ya ce, "Wasa uku, ka ce ɗaya ne?"

"Ɗaya ne, Baba."

"Huɗu fa?"

"Biyu."

Ya ajiye ludayin dabino. Ya ce shi ya yi aikin hajji tun ba a haife ni ba, kuma a Arfa ana haɗa azahar da la'asar a lokaci guda, a Muzdalifa a haɗa magariba da isha'i, amma bai taɓa jin wanda ya ce salla ɗaya aka yi ba. Tsohuwar ta ce ai 'yan Makka komai nasu daban ne, har lissafi, ta roƙi Baba ya auna mata dabinon da irin wannan lissafin, uku a matsayin ɗaya. Baba ya yi dariya ya ƙara mata 'yan ƙwaya. Da ta tafi sai ya tambaya, in wancan bai buga ranar Alhamis ba, wa zai tsaya a raga.

"Ni," na ce.

Baba ya kalle ni tun daga kai har ƙafa, ya daɗe a wajen ƙafafun. "Allah ya kiyaye," ya ce.

Nan na ga dama ta samu. Na ce tunda ni zai zo gani, ai ranar Alhamis ce ta dace, domin ranar ce ake sa ran ganina a tsaye. Na san in ya ce zai zo, Yaya zai karɓi raga, ni in koma inuwata, kowa ya huta. Katan-katan suka daina motsi a bayana. Baba ya juya ya shiga gyara carbin da ke rataye, waɗanda ba su karkace ba. Ya ce ranar Alhamis kawu yana da masu ziyara zuwa Arfa, kuma ba a rufe shago ana tsakiyar umara. Wannan gaskiya ce. Akwai kuma wata gaskiyar da bai faɗa ba: mutumin da ya sauya ranarsa, ya rufe shagon da bai taɓa rufewa ba, duk Jarwal za ta san ba don ɗan benci ya yi ba.

"Na riga na faɗi ranar da zan zo," in ji shi. Idonsa yana kan carbi. "Ka gaya wa wancan ya yi abin da ya dace da makarantarsa. Kada ya duba kowa."

Na juya. "Yaya, wai ka yi abin da ya dace da makarantarka."

"Ka ce na ji."

"Baba, wai ya ji."

A hanyar gida na tambayi Yaya abin da ya yanke. Ya ce in nemo tsohon wandon da ba na so, domin zan sha ƙasa. Daga ranar har Alhamis, kullum bayan la'asar yana kai ni wani lungu a bayan gidanmu, ya jera duwatsu biyu ya yi ta buga mini ƙwallo. Na koyi abubuwa da dama. Na koyi cewa ƙwallo ta fi yadda ake ganinta daga benci tauri, kuma rufe ido ba ya hana ta zuwa. Yaran lungun suka riƙa taruwa suna ƙirga waɗanda suka shige, har lissafi ya fi ƙarfin ƙananan cikinsu.

Ranar Alhamis Yaya ya gaya wa ustaz ba zai buga ba. Ustaz ya gyaɗa kai kawai. Kyaftin ya tsaya yana kallonsa, ya tuna masa cewa wasan Talata ba shi da wani amfani, ko mun ci ko an ci mu muna nan a tsakiyar teburi inda muke kowace shekara, wannan kuwa kofi ne. Yaya ya ce ya sani. Ya cire safar hannu daga jakarsa ya sa mini da kansa, ya ɗaure ta tamau a wuyan hannu saboda ta yi mini yawa. Yatsuna ba su kai ƙarshenta ba, ko ta hujin ba abin da ya leƙo.

Abin da ya faru a wasan nan ban iya bayyana shi ba har yau. Ƙwallo ta yi ta nemana. Na kare da goshi, na kare da gwiwa, na kare da ƙeya lokacin da na juya ina neman inda ta shiga. Sau ɗaya na zame na faɗi kafin a buga, mai bugun ya ɗauka dabara ce ya rikice ya ɗaga ta sama. Turken raga ya taimake ni har na fara tunanin in yi masa godiya bayan wasa. Sun ci ɗaya, mu ma muka rama ɗaya. Aka shiga mintocin ƙarshe kunnen doki, kuma a wannan mataki ba a tashi canjaras, bugun fenariti ake yi.

Duk makarantun yankin sun san Yaya da kama fenariti. Kuma doka ta ce wanda zai tsaya wa fenariti dole ya kasance a fili kafin a busa tashi. Da ƙwallo ta fita, kyaftin ya ruga wajen benci. Filin ƙarami ne, ina jin su daga raga.

"Minti ɗaya kawai, ɗan'uwa. Minti ɗaya."

"Minti ɗayan wasa ne," in ji Yaya.

"To wasa ne, sai me? Babanka zai mutu ne kafin baɗi?"

"Baɗi ba na nan."

Ustaz ya ɗaga kai ya kalli sama. Sauran 'yan wasa duk sun juyo. Sai Yaya ya miƙe ya tako har bakin layi, ni kuwa na fara kwance safa da haƙori, ina jin daɗin da ban taɓa ji ba tun ranar da aka ce an ɗage jarrabawar lissafi. Ya tsaya yatsun ƙafarsa dab da farin layin. Ya ɗaga murya ya ce mini da Hausa in daina tsalle da wuri, in kalli ƙafar da mai bugu ya kafa, ba idonsa ba. Sannan ya koma ya zauna.

Na kalli ƙafar kowane ɗayansu da kyau. Ƙafafu ne masu kyau, takalmansu sababbi. Duk wanda ya buga, ni na tafi gabas ƙwallo ta tafi yamma. Ko ɗaya ban taɓa ba. Namu suka zubar da ɗaya, aka fitar da mu.

A motar komawa ba wanda ya zarge ni, abin da ya ɗan ɓata mini rai, domin yana nuna ba wanda ya sa rai da ni tun farko. Yaya suka ɗora wa. Ba su zage shi ba, sun dai daina yi masa magana. Da aka koma makaranta, kyaftin ya tare ni ya ce in gaya wa yayana atisaye bayan la'asar ne, alhali Yaya yana tsaye a gefena yana cin sanwic. Aikina ya ninka. A gida in kai saƙon Baba, a makaranta in kai na 'yan ƙungiya. Na gaya wa kyaftin cewa yanzu shi ma ya koyi kunyar ɗan fari, bai yi dariya ba. Yaya bai yi ƙorafi ba. Yana wanke rigarsa ta gola, ya shanya, ya kwashe, ya sake duba ta ko da tabo.

Ranar Talata 'yan kallo ba su fi a ƙirga da yatsu ba: mai gadin makaranta, wasu 'yan ƙananan aji da aka hana tafiya gida, da wata mage. Ana shirin farawa sai ga Baba da farar jallabiya da hular da yake sawa ranar idi. Ban taɓa ganinsa a waje da rana tsaka ba tare da shago a bayansa ba, sai na ga kamar ya fi tsawo. Ya gaisa da ustaz, aka kawo masa kujerar roba. Ya ɗauke ta ya ajiye kusa da benci, ya juya ta tana fuskantata, fili yana gefensa na hagu. Tunda ni ya zo gani, ni zai gani. Kyaftin ya daɗe yana kallon wannan tsari daga tsakiyar fili, sannan ya taho a guje ya sumbaci Baba a ka yadda suke yi wa manyansu, ya koma yana daka wa 'yan baya tsawa su tsaya da kyau.

Makarantar da muka kara da ita ita ce ta biyu a teburi, kuma suna buƙatar nasara. Suka tare a gaban ragarmu kamar masu jiran mota bayan an sauko daga Arfa. Yaya ya kama, ya doke, ya fita ya tare da ƙafa. An ci shi ɗaya tun da wuri, wadda ba yadda zai yi da ita. Ban san ko ya kalli wajenmu ba, ni dai ban gani ba. Baba kuwa fuskarsa tana kaina, amma idanunsa sun taru a kusurwar hagu har na ji tsoron kada su maƙale a can. Yana ta yi mini tambayoyi, ko ana ba mu ruwa isasshe, ko bencin ba ya ciwon baya, kuma ba ya jiran amsa.

Dab da hutun rabin lokaci ɗan gabansu ya kuɓuce wa kowa, ya rage daga shi sai Yaya. Ya buga ƙasa-ƙasa ta kusurwa. Yaya ya miƙe tsawonsa ya tura ta waje da yatsan nan da ke leƙowa. A daidai lokacin ƙafar Baba ta dama ta harba da kanta, takalminsa ya fice ya yi sama ya faɗa cikin fili.

Baba ya kalli ƙafarsa kamar ta wani ce, ya ce mini jijiya ce, tana yi masa haka in ya daɗe a zaune. Na ce na sani, irin ciwon hannun Umma ne. Ya yi kamar bai ji ba.

Alƙalin wasa ya busa hutu. Na yunƙura zan ɗauko takalmin, tunda ɗauko abu tsakanin mutanen nan biyu aikina ne, amma Yaya ya riga ni. Ya biyo ta wajen, ya ɗauka, ya kaɗe masa ƙura a jikin rigarsa. Na miƙa hannu in karɓa, ya wuce ni. Ya durƙusa ya ajiye shi a gaban ƙafar Baba, ya juya shi yadda za a zura. Baba yana kallon kular ruwa. Ya zura ƙafarsa. Yaya ya tashi ya tafi wajen ustaz.

An tashi biyu da ɗaya, su ke da biyu. Na gaya wa ustaz ya kamata a sanar da kwamiti cewa takalmin Baba ya taka fili, a lissafa masa cikakken wasa, saura masa goma sha ɗaya. Kyaftin ya yi dariya, sannan ya juya ya gaya wa Yaya, kai tsaye ba ta bakina ba, cewa da ya shiga ranar Alhamis da yanzu kofi yana ofishin shugaban makaranta. Har yau bai sauya ra'ayi ba, kuma wataƙila yana da gaskiya. Yaya ya ce wataƙila.

Baba bai jira mu ba, ya ce kawu ba ya iya bambance turare mai tsada da mai araha. Da yamma a gida Umma ta tambaye shi yadda ya ga wasan. Ya ce ya tabbatar ina cikin ƙungiyar, kuma na iya zama.

Bayan 'yan kwanaki ya dawo daga shago da leda, ya miƙa mini ya ce tunda ni ma gola ne. Sabuwar safar hannu ce. Na zura, hannuna ya ɓace a ciki, da na so da na sa duka biyun a ɗaya. Na ce ta yi mini yawa. Baba ya ce to in ba wanda ta yi wa daidai, kada a yi asara.

Yaya bai sa ta a wasan makaranta ba ko sau ɗaya, goma sha biyunsa sun riga sun cika. A lungun bayan gidanmu yake sa ta ranar Juma'a bayan la'asar, tsakanin duwatsun nan biyu, inda yaran unguwa ke buga wasa sai an kira magariba. A can ba wanda ke ƙirga wa kowa. Tsohuwar mai hujin kuwa ni na gada, tare da ragar makaranta, domin ustaz har yanzu yana nan a kan cewa abin gado ne.